Riƙon Aji: Amanar da Ke Wuyan Malamin Firamare

Zancenmu na yau na malaman makarantun firamare ne, na birni da na ƙauye, ko da yake kowa yana da rabo a cikinsa.

Mas'alar da za mu duba ita ce riƙon aji, watau yadda mutum guda zai tsaya gaban yara masu yawa, waɗanda kowannensu ya fito daga gidansu da irin halinsa da irin damuwarsa, ya tattara hankulansu wuri ɗaya har karatu ya sami hanyar shiga. Zan faɗi ra'ayina tun da fari, sa'an nan in biyo da hujja. Aji da shiri ake riƙe shi. Bulala ba ta riƙe aji. Malamin da ya shirya kafin ya shiga, ya kuma sabar wa yaransa da tsarin da ba ya canzawa, ya riga ya kashe mafi yawan fitinar da za ta tashi tun ba ta tashi ba.

To, mu fara da tambaya. Wane aji ne za a ce an riƙe shi? Da yawa daga cikinmu, iyaye da hedimastoci har da masu duba makarantu, idan muka bi ta gefen taga muka ji tsit, sai mu ce lalle wannan malami ya iya aikinsa. Idan kuwa muka ji muryoyi suna tashi, sai mu ɗaure fuska. Alhali kuwa shiru iri biyu ne. Akwai shirun yaron da ya duƙufa a kan lissafinsa, ya ciji leɓe, ya manta da wanda ke kusa da shi. Akwai kuma shirun yaron da ya ƙura wa allo ido ba ya ganin abin da ke kansa, domin duk tunaninsa yana kan inda malam ya ajiye bulala. Daga taga ba a rarrabe su, amma ranar jarrabawa ana rarrabewa. Saboda haka ma'aunin da ya kamata mu riƙe shi ne wannan: a cikin mintunan da aka ware wa darasi, nawa ne yaro ya yi yana aikin koyo, ko da hannunsa, ko da bakinsa, ko da tunaninsa? Ajin da yara ke karanta wa junansu da ƙarfi, kowa ya san abin da aka sa shi, ya fi ajin da ya yi tsit yana kallon ƙeyar malam.

Kafin mu ci gaba, ya dace mu tuna yadda aka yi azuzuwanmu suka zama yadda suke. A watan Satumba na 1976, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya, wanda aka fi sani da UPE. Yaran da suka zo sun zarce lissafin da masu tsara shirin suka yi, sai aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, a wannan shekara ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. A 1999 aka sake ƙaddamar da shirin a Sakkwato da sunan UBE, aka yi masa doka a 2004. Niyyar kyakkyawa ce, ba mai musun wannan, domin ta buɗe ƙofar makaranta ga 'ya'yan talakawa waɗanda a da ba su ko mafarkinta. Sai dai ɗakuna da malamai ba su taɓa kamo yawan yara ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta shata malami ɗaya ga yara 35, amma wanda duk ya leƙa makarantun gwamnati a manyan garuruwanmu ya san ba abin mamaki ba ne a tarar da ninkin wannan sau biyu ko sau uku a ɗaki guda, wasu a benci, wasu a tabarma, wasu a ƙasa zalla.

Na kawo wannan tarihi ne don kada wani malami ya ce mai sharhi bai san halin da ake ciki ba. Na kawo shi kuma don wani dalili wanda ya fi wannan muhimmanci. Malamin da ke da yara kaɗan yana iya yin sakaci da shiri ya tsira, domin idonsa yana kai wa ga kowa, muryarsa tana isar kowa. Malamin da ke da yara ɗari ba shi da wannan sarari. Gwargwadon cikar aji, gwargwadon bukatarsa ga tsari.

Yanzu ku biyo ni mu shiga wani aji, irin wanda kowannenmu ya sani. Safiya ce ta hunturu. An tashi daga taron safe, yara sun ruga a guje, ana turereniya a bakin ƙofa, manya sun kame benci, ƙanana sun zube a ƙasa. Malam ya shigo bayan an buga ƙararrawa, ya laluba tebur bai ga alli ba, ya aiki yaro ofishin hedimasta. Kafin ɗan aike ya dawo, wasu biyu sun kaure da kokawa a kan guntun fensir. Ya raba su, ya sa su kamun kunne a gaban aji, sauran kuwa sun sami abin kallo, ana ƙyafta ido ana dariya ƙasa-ƙasa. Alli ya iso, sai ga allo cike da rubutun jiya, aka shiga neman tsumma. Daga nan aka buɗe rajista, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wanda aka riga aka kira ya san ya gama nasa aikin, sai ya juya ga maƙwabcinsa. Da aka gama, malam ya juya wa aji baya ya shiga cika allo da rubutu, makararru suna shigowa da ɗai-ɗai, kowanne sai an tsaya an yi masa faɗa. Ko da ya waiwayo ya ce a kwafa, sai hannaye suka tashi: malam ba ni da fensir, malam an ɗauke mini littafi. Ana cikin haka aka buga ƙararrawar darasi na gaba.

Ku lura da kyau, jama'a. Babu mugun yaro ko ɗaya a cikin wannan labari, malamin kuma ba azzalumi ba ne. Kowace fitina ta shigo ne ta ƙofar da aka bar mata a buɗe, watau lokacin da yaro ke zaune ba shi da abin yi. Yaro ɗan shekara bakwai ba a halicce shi don zaman banza ba. In ba a ba shi aiki ba, zai nema wa kansa, abin da zai nemo kuwa da wuya ya zama abin da malam ke so.

Wannan da nake faɗa an bincika shi, an tabbatar. Wani masani a ƙasar Amurka, ana ce masa Jacob Kounin, ya ɗauki hotunan azuzuwan firamare masu yawa da na'ura, ya zauna yana nazarinsu, ya fitar da littafinsa a 1970. Abin da ya fara nema shi ne ya gano irin tsawatarwar da ta fi tasiri, ko ta fushi ko ta lallashi. Sai ya tarar da abin da bai zata ba: bayan rigima ta riga ta ɓarke, gwanayen malamai da raunana ba su da wani babban bambanci wajen kashe ta. Bambancinsu yana can baya, wajen abin da suke yi kafin ta ɓarke. Gwanin malami yana nuna wa yara cewa yana sane da duk abin da ke gudana a kowane lungu na aji, yana kama ainihin wanda ya fara, yana kuma kama shi da wuri. Yana iya sauraron mai karatu a gabansa alhali idonsa yana kan na baya. Idan zai tashi daga wannan aiki zuwa wancan, ba ya barin giɓi a tsakani. Bayan shekara goma, a 1980, wasu masana na Jami'ar Texas suka wallafa abin da suka gani a azuzuwan malaman aji uku, waɗanda suka lura da su tun daga ranar farko ta shekarar karatu. Suka ga malaman da ajinsu ya zauna lafiya har ƙarshen shekara su ne waɗanda suka ɓata makonnin farko suna koyar da tsarin aji kamar yadda ake koyar da darasi: a bayyana, a gwada, a maimaita, a gyara, har ya zama jiki.

Mene ne wannan tsari, in an sauko da shi cikin ajinmu? Ba wani abu ne mai tsada ba. Malam ya riga yara zuwa ƙofa, ya tsaya yana karɓar gaisuwarsu suna shiga a layi, kowa ya nufi mazauninsa da ya sani, gajeru a gaba, dogaye a baya, a bar hanya a tsakiya wadda malam zai iya bi har bango. Tun kafin su shigo an goge allo an rubuta ɗan aiki a gefe guda, ko lissafi uku ko kalmomi biyar, don yaro yana zama ya san abin da zai kama. Suna cikin wannan aiki ne shugaban kowane layi zai faɗi wanda bai zo ba, a cike rajista ba tare da an tsayar da aji ba. Alli yana aljihu tun jiya. Akwai gwangwani a kan tebur da guntayen fensira na aro, wanda ya rasa ya ɗauka, in an tashi ya mayar. Alamar neman shiru guda ce, kowa ya san ta, ko tafi uku ko ɗaga hannu, malam kuwa ba zai fara magana ba sai ta cika, domin wanda ya saba yin magana a kan hayaniya ya koya wa yara cewa maganarsa ba ta cancanci a saurara ba. Makararre ya san inda zai zauna ba tare da ya katse darasi ba, a yi maganarsa lokacin tara. Dokoki kaɗan ne, waɗanda yaro zai iya ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya, amma abin da aka hana ranar Litinin shi ne aka hana ranar Alhamis, ko malam yana cikin nishaɗi ko ransa a ɓace.

Na taɓa zama a bayan ajin wata malama a wata makarantar ƙauye, ɗakin cike maƙil, rabin tagogin babu marufi. Tana karanta wa yara labari, tana tafe a hankali tsakanin layuka. Can wajen bango wani yaro ya fito da murfin kwalba yana murza shi a kan benci, na kusa da shi sun fara leƙe. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dakatar da karatu ba. Ta ci gaba da tafiya har ta isa inda yake, ta miƙa tafin hannunta tana karatu, ya ɗora mata murfin, ta jefa a jakarta, ta dafa kafaɗarsa, ta ce, "Kai, ɗana, me kake tsammani kura za ta yi yanzu?" Yaron ya yi jim, ya ba da amsa, ta ce madalla, ta wuce. Da aka tashi tara ta kira shi ta mayar masa da abinsa, ta yi masa magana su biyu. Duk abin bai ci wa aji ko rabin minti ba, yaron bai tozarta ba, sauran kuwa sun gane cewa idon malama yana kai wa bango. Haka makiyayin kirki yake: sanda tana kafaɗarsa wuni guda, amma da murya da tsayuwa a inda ya dace yake juya garke, domin ya san kowace saniya, ita ma ta san shi.

Yanzu mu zo kan bulala, domin na san akwai masu sauraro da ke cewa a ransu, ai mu da ita aka koya mana, ga shi kuwa mun zama mutane. Ina girmama wannan magana, ina kuma girmama malaman da suka koyar da mu. Amma ina roƙon a tuna da waɗanda muka shiga aji ɗaya tare da su, suka gudu saboda tsoro ba su sake dawowa ba; su ba a jin muryarsu idan ana wannan muhawara. Kuma kada a ɗauka ƙyamar tsanani baƙon ra'ayi ne da aka kawo mana daga Turai. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan haka. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, ɗan mai littafin Mudawwana, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban masu koyar da yara. Bai haramta horo gaba ɗaya ba, amma ya kewaye shi da sharuɗɗa masu tsauri: kada malami ya yi duka don huce fushinsa, kada ya taɓa kai ko fuska, kada ya wuce bulala uku sai da izinin uba. A auna wannan da abin da ake gani a wasu makarantunmu, inda ake jera yara a tsula musu dorina don sun kasa amsa tambaya, ko a sa ƙaramin yaro tsallen kwaɗo cikin rana har ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa. Ibn Khaldun kuwa, a cikin Muƙaddimarsa, ya keɓe fasali guda yana bayyana cewa tsananta wa masu koyo cutarwa ce gare su, musamman ƙanana, domin tana kashe musu nishaɗi, ta jawo kasala, ta koya musu ƙarya da yaudara, tun da yaro zai riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don gudun hannun da ke kansa. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana kwafar aikin abokinsa da rawar jiki kafin malam ya iso layinsu ya ga tafsirin wannan magana da idonsa.

Sama da duk waɗannan akwai koyin Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sahabi Mu'awiya ɗan Hakam, wanda ya yi magana a cikin salla bisa rashin sani, ya ba da shaida cewa bai taɓa ganin mai koyarwa da ya fi shi kyautata koyarwa ba, domin bai daka masa tsawa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, sai dai ya sanar da shi hukuncin. An kuma ruwaito cewa yakan maimaita magana sau uku don a fahimta, yakan kuma zaɓi lokutan wa'azi don gudun kada sahabbai su ƙosa. Idan an ji wa manyan mutane tsoron ƙosawa, ina ga yaron da aka zaunar a kan siminti tun safe? Darasin ƙananan yara yana bukatar a gutsuttsura shi: a saurara kaɗan, a faɗa tare, a rubuta, a miƙe a motsa jiki, a koma. Aji da shiri ake riƙe shi, wannan kuwa yana daga cikin shirin.

Kada a fahimce ni da cewa a bar laifi ba hukunci. Yaron da ya doki ɗan'uwansa, ko ya yi sata, ko ya yi wa malami rashin kunya, lalle ne ya ga sakamako, in ba haka ba an zalunci sauran. Sai dai hukunci ya zama sananne tun kafin a yi laifin, ya zama daidai da laifin, ya kuma ƙare idan ya ƙare. Wanda ya zubar da shara ya share, wanda ya ɓata lokacin darasi ya biya daga lokacin wasansa, wanda abinsa ya faskara a kira mahaifinsa. Kuma a yi adalci, domin ba abin da yara ke saurin ganewa kamar son kai. Ɗan Sahnun ya wajabta wa malami ya daidaita tsakanin ɗan mawadaci da ɗan matalauci, ya kuma hana shi aiken yara cikin bukatun kansa. Malamin da ke kau da kai ga ɗan mai unguwa ya hukunta ɗan mai faskare, ko wanda ke zane aji gaba ɗaya saboda surutun mutum uku, ko wanda ke tura yara ɗebo masa ruwa ana tsakiyar darasi, ya zubar da haibarsa da hannunsa, ba kuwa bulalar da za ta maido masa da ita. Haka nan al'adar nan ta barin monita da takarda yana rubuta sunayen masu surutu alhali malam yana hira a gindin bishiya: sau da yawa abin da take haifarwa shi ne ƙaramin azzalumi, wanda ake saye da ƙosai ko gyaɗa don ya goge suna, yara kuwa su tashi da wannan darasi a zukatansu.

Ga wata tambaya kuma, wadda ita ce ta fi damun malamai: yaya mutum guda zai koyar da yara ɗari waɗanda wasunsu suna karanta shafi, wasu ko baƙaƙe ba su gama sani ba? Haƙiƙa wannan bambanci shi ne tushen rigima mai yawa, domin wanda darasi ya yi wa sauƙi ya ƙosa, wanda ya yi wa nauyi ya fid da rai, su biyun kuma su haɗu a kan wasa. A nan muna da gado a gida wanda bai kamata mu raina ba. A tsangaya, alaramma guda yana riƙe almajirai masu yawa, kowanne da allonsa, kowanne a inda karatunsa ya kai, gardawa suna biya wa ƙanana, ba mai wanke allo sai ya iya abin da ke kansa. Tsangaya tana da nata matsalolin, tsanani ma yana cikinsu, amma waɗannan ƙa'idoji biyu, a fara wa yaro daga inda yake, na gaba kuma ya ja na baya, hikima ce tsantsa. Wata ƙungiya a ƙasar Indiya mai suna Pratham ta gina shirinta a kan irin wannan tunani, ana gwada yara a rarraba su bisa abin da suka iya, ba bisa shekarunsu ba, shirin kuma ya yaɗu zuwa ƙasashen Afirka har da Nijeriya. Malamin ajinmu yana iya yin daidai gwargwado: ya kasa yara rukuni-rukuni na wani ɓangare na yini, ya sa masu ƙoƙari su karanta da na tsakiya, shi kuma ya durƙusa wajen waɗanda aka bari a baya. Yaron da ya fi kowa fitina, in aka ɗora masa amanar rabon littattafai ko biya wa ƙanana, sau da yawa shi ne ke zama na hannun daman malam.

Akwai kuma yaran da ake ɗauka masu taurin kai ne alhali larura ce ke damunsu. Wani ba ya ganin allo daga baya. Wani kunnensa ke ciwo. Wani ya fito ba karin kumallo. Wata tun asuba take aikin gida, ko ta kai dare wajen talla. Wani kuwa harshen da ake magana da shi ne bai ji ba sam. Ana ta yi masa Turanci a aji ɗaya, shi kuwa ko a gida ko a unguwa bai taɓa jin ana yi ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna cewa koyo da harshen uwa bai tauye su ba, bal ma ya taimake su. Yaron da ya fahimci abin da ake faɗa yana da dalilin saurare. Malami ba zai gane waɗannan larurori ba sai ya san yaransa da sunayensu da gidajensu, sanin nan kuwa ba ya samuwa daga kan kujera.

Ƙaramin abu guda kuma, wanda ba ya cin ko kwabo. Wata masaniya, Mary Budd Rowe, ta auna ta ga yawancin malamai idan sun yi tambaya ba sa jira fiye da kimanin daƙiƙa ɗaya kafin su nemi amsa ko su amsa da kansu. Idan kuwa suka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, yaran da ba su saba magana ba su fara ɗaga hannu. A azuzuwanmu wannan ya fi shafar 'yan mata, waɗanda aka tarbiyyantar a kan kunya. Idan kullum yara biyar na gaba ne ke amsawa, sauran sun san ba da su ake ba. A jefa tambaya ga kowa, a yi shiru kaɗan, sa'an nan a kira suna, yau daga baya, gobe daga tsakiya.

Daga ƙarshe, wajibi ne a faɗi gaskiya ga waɗanda ke sama da malami. Ba adalci ba ne a nemi natsuwa da haƙuri daga mutumin da albashinsa ke makara, wanda ke tsaye gaban yara yana tunanin bashin mai shago. Ba adalci ba ne a tura sabon malami cikin yara ɗari ba wanda ya taɓa zama a bayan ajinsa ya nuna masa inda ya gyara da inda ya ɓata. Ku hedimastoci, wannan aikinku ne: ku riƙa shiga azuzuwa don taimako, ku haɗa sabon malami da tsohon hannu, ku tabbata tsarin aji ɗaya shi ne na aji shida, don kada yaro ya riƙa canza ɗabi'a duk lokacin da ya canza ɗaki. Ku kuma hukumomi, ɗaki da benci da alli da albashi a kan kari su ne rabonku na riƙon aji, ba wanda zai ɗauke muku.

Ku malamai, 'yan'uwana, ban ce ku juya komai a yini ɗaya ba. Ku zaɓi abu guda a wannan mako, ko tsayuwa a ƙofa, ko aikin farko a kan allo, ku dage a kansa har ya zauna, sa'an nan ku ƙara wani.

Ku kuma iyaye, maganata ta ƙarshe gare ku take. Ku tashi yara da wuri, ku sa musu wani abu a ciki ko koko ne, ku duba jakarsu ku ga akwai fensir da littafi. Cikin makon nan mahaifi ko mahaifiya su samu sarari su taka zuwa makaranta, ba sai an aiko kira ba, su gaisa da malamin aji, su tambaye shi inda yaronsu yake zama, da abin da ya iya, da abin da ya gagare shi. In akwai larurar ido ko ta kunne ko wata damuwa ta gida, ku sanar da shi. In kun ji abin da bai yi muku daɗi ba, ku faɗa masa tsakaninku, ba a gaban yaro ba.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani.